Tsafin Ɗanɗano

Wuri ta diro daga bayan ɗan acaɓa tun bai gama tsayawa ba, ta cilla masa hular kwano, ta rungume jakarta ta nufi ƙofar asibitin da sassarfa. Ƙarfe uku saura kwata. Ƙarfe huɗu likita zai dawo karɓar takardar.

Takardar sallama ce, irin wadda majinyaci ke sa wa hannu ya ce shi ya zaɓi komawa gida, kada a zargi kowa. Yayanta, Mas Sentot, shi ya ce a kawo masa ita da safe. Shekara ashirin da biyu yana sayar da soto a bakin kasuwa, miyar kazar da rabin unguwarsu a birnin Semarang ke rantsuwa da ita. Sai ciwon daji ya kama shi a bayan hanci. Gashin da ake yi masa da na'ura yana aiki, in ji likita, amma ya ƙone masa baki. Duk abin da ya sa a harshe sai ya ji kamar yana tsotsar tsohuwar ƙusa. Kwana biyar ke nan bai ci komai ba. Saura gashi goma sha biyu, kuma ba za a ci gaba ba sai ya ci abinci. Robar ba da abinci ta hanci kuwa, ya ce ko gawarsa kada a sa wa.

A kan bencin baranda ta tarar da Bagyo direban bas, da Ci Lian mai shagon ɗinki. Bagyo bai ma cire rigar aiki ba.

"Kin zo da kayan?" in ji Ci Lian.

Wuri ta girgiza jakar, ƙwayoyin wasan suka yi ƙara a ciki.

Bagyo ya share zufa ya ce, "Ni fa wannan dabarar taki ba ta kwanta mini ba. In ya gane fa?"

"Zai gane mana," in ji Wuri. "Ka taɓa ganin an yi masa wayo?"

"To mene ne amfanin?"

"Kai kana da wata dabarar ne? Jiya awa biyu ka yi kana masa wa'azi, ya juya maka ƙeya."



Shekara tara ke nan su huɗun suna zama duk Lahadi a teburin rumfar soto, bayan an wanke kwanuka, suna wasan labari. Wuri ke jan labarin. Ita ce gari, ita ce daji, ita ce duk wani dodon da za a haɗu da shi. Sauran ukun kowa da mutumin da yake takawa. In aka zo abin da ba a da tabbas a kansa, sai a jefa ƙwaya mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita ce hukunci. Kuma an san Wuri, ba ta da sassauci ko na sisin kwabo. Abin da ta rubuta a littafinta ba ta ƙara masa, ba ta rage masa. Ta taɓa kashe wa Bagyo jaruminsa ranar da ya cika shekara arba'in, ba ta ko ƙifta ido ba.

Mutumin Sentot a wasan shi ne Kuwali, wani tsohon boka mai dafa wa ayari abinci. Duk manyan tsafe-tsafen da ke cikin littafin dokoki, su ruwan wuta da tsawa, ya ƙi koyon ko ɗaya. Sai ƙanana kawai: ɗumama shayin da ya huce, busar da safa, hana ƙofa ƙara, sa kaza ta yi atishawa, ƙulle igiyoyin takalman abokin gaba. Ranar da Bagyo ya ce masa boka ne na banza, da ƙullin igiyar takalmi ya kayar da sarkin yaƙi guda a cikin kwata. Amma wanda ya fi ƙauna shi ne tsafin ɗanɗano, wanda ke sa kwano ɗaya na kowane irin abinci ya yi daɗin duk abin da ka ambata.

Irin waɗannan ƙananan tsafe-tsafen ba a jefa musu ƙwaya, shi ya sa Sentot da kansa ya kafa doka a teburinsu: duk mai son yin tsafin ɗanɗano sai ya ci cokali ɗaya na abin da ke kan tebur a zahiri, sa'annan ya faɗi ɗanɗanon da bakinsa. Ba ci, ba tsafi. Sau ɗaya Ci Lian ta gwada, ranar kuwa ba komai a teburin sai niƙaƙƙen barkono. Har yau ba ta yafe masa ba.

Gado shida ne a ɗakin, na Sentot ne na bakin taga. Wuri ta ga ya ƙara ramewa, ko da yake jiya ma ta gan shi. Wuyansa ya yi baƙi, agogonsa yana yawo a hannu. A kan ɗan teburin gadon ga kwanon kunun shinkafa an rufe da faranti, ga takardar, ga biro a kanta.

"To fa," in ji shi, muryar a shaƙe. "An turo mini runduna."

"Lahadi biyu ka ci mana," in ji Ci Lian. "Ka bar mu ɗaure a kogo, ka zo nan kana hutawa."

Ya dubi jakar Wuri, ya daɗe yana dubanta. "Shi ke nan, mu yi na ƙarshe. Amma Wuri, in za ki kashe Kuwali, ki kashe shi da mutunci."

Ta ja kujera ta zauna dab da gadon, ta buɗe littafin a cinyarta. 

"Kuna cikin kogon dodannin dutse," ta fara. "Jarumin Bagyo da ɓarauniyar Ci Lian suna ɗaure da sarƙa. Sarkin dodanni ya kwance Kuwali, ya ce, 'Tsoho, an ce kai kuku ne. Dafa mana. In bai yi daɗi ba, abokanka ne abincin.' Ya tura ka madafa. Ba komai a ciki sai ruwa da tsohuwar shinkafa."

Sentot ya dubi kwanon da ke gabansa. Ya dubi ƙanwarsa. Fuskarsa ta haɗe.

"Na ƙulle musu igiyoyin takalma," in ji shi.

"Ba sa sa takalmi."

"Na sa sarkin atishawa."

"Ya yi atishawa. Ransa ya ƙara ɓaci."

"Na kashe fitilun kogon."

"Suna gani a duhu, Mas. Ka sani."

Bagyo ya yi wuf ya ce, "Bari in tsinka sarƙar!" Ya jefa ƙwaya a kan farantin. Ta yi ta juyawa, ta tsaya a kan huɗu.

"Sarƙar ba ta tsinke ba," in ji Wuri. "Kafaɗarka ce ta goce."

"Haba Wuri! A asibiti ma?"

Ci Lian ta gwada buɗe kwaɗon sarƙar da allurar gashinta. Biyu ta fito. Ta ja tsaki ta tura ƙwayar gefe. Agogon bango ya nuna uku da minti talatin da biyar.

Sentot ya yunƙura ya gyara zama. Maganar tana yi masa ciwo, amma ya fitar da ita. "Kin raina ni, Wuri. Da wasana za ki haɗa mini tarko? Da dokar da ni na kafa?"

"E," in ji ta.

"Ko kunya babu?"

"Babu. Tsoro nake ji, Mas. Tun da safe tsoro nake ji. In ka koma gida mutuwa za ka yi, ka sani, na sani."

"Kin san abin da nake ji a bakina? Ni da ke sanin gishiri ya yi ko bai yi ba daga tururin tukunya? In na warke ma me zan koma yi? In tsaya a gaban tukunya ina tambayar masu saye ko ta yi?"

 Ya miƙa hannu ya ɗauki biron, ya jawo takardar gabansa.

Wuri ta ji kamar ta fizge ta ta yaga. Amma wata za a kawo, ta san haka. Sai ta sunkuyar da kai kan littafinta, ta ci gaba da muryar da take jan labari da ita duk Lahadi.

"Sarkin ya gaji da jira. Ya cafko jarumin Bagyo ta ƙafa ɗaya, ya ɗaga shi saman tukunya. Ruwan yana tafasa. Zan jefa. In ta haura biyar, ya sake shi cikin tukunyar."

"Ke!" Bagyo ya miƙe tsaye. "Ba haka muka yi da ke ba! Shekara shida ina rainon mutumin nan!"

"Zauna, Bagyo."

"Wallahi da gaske take," in ji Ci Lian a hankali. "Dubi idonta."

Da gasken take. Ta damƙe ƙwayar a tafin hannu tana girgizawa. Mai jinyar gado na kusa ta bar ɓare lemon da take yi, ta zuba musu ido. Wuri ta ɗaga hannu sama da farantin.

"Tsaya," in ji Sentot.

Sentot bai ajiye biron ba. Da ɗayan hannun ya ture farantin daga kan kwanon. Kunun ya huce, ya yi fata a sama. Ya ɗebi cokali ɗaya, ya tsaya yana kallonsa kamar wanda aka ba maganin ɗaci. Sai ya rufe ido ya kai baki.

Haɗiyar ta daɗe. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, hawaye ya zubo masa ta gefen ido, ya damƙi ƙarfen gadon. Bagyo ya kau da kai. Da ƙyar ta wuce.

"Faɗi ɗanɗanon," in ji Wuri.

"Ƙusa," in ji shi.

"Ba wanda ka ji ba. Wanda kake so dodon ya ji."

 Sai ya fara, idonsa a rufe.

"Soton Mama. Ba nawa ba, nata. Na ranar da ruwa ya ci unguwa muka hau kan tebur da tukunyar. Kazar gida ce, tsohuwa, ta daɗe a wuta. Citta ta fara zuwa, sai tafarnuwar da aka soya har ta kusa ƙonewa, don Mama kullum sai ta manta da ita. Lemon tsami rabi, ba guda ba. Sa'annan can a ƙarshe, bayan ka haɗiye, sai wani ɗan zaƙi ya biyo baya, na albasa."

"Kai bawan Allah, ka ji tausayinmu mana," in ji tsohon da ke gado na kusa. "An hana ni gishiri wata uku."

Ci Lian ta fashe da dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma kuka, ta toshe baki da gefen rigarta.

"Sarkin ya ɗanɗana," in ji Wuri. "Ya ajiye jarumin a ƙasa. Ya lashe kwanon tas. Sauran dodannin suka miƙo nasu kwanukan."

Sentot ya buɗe ido. "Tsafi ɗaya, kwano ɗaya."

"Kai ka kafa dokar."

"Su nawa ne?"

Wuri ta dubi littafin. Uku ta rubuta tun makonni biyu da suka wuce, har ta zagaye lambar da jan biro. Ta dubi kwanon kunun, ta auna shi da ido.

"Goma sha huɗu," in ji ta.

Gadon yana da tsayi, kujerarta kuwa gajera ce, littafin yana buɗe a cinyarta. Sentot ya sauke ido kan shafin. Ta ga lokacin da ya ga jan zagayen. Ba ta rufe littafin ba, ba ta kuma kau da kai ba. Shekara tara ba ta taɓa yi masa ƙarya a teburin wasa ba, su biyun duka sun san haka.

Aka turo ƙofa. Likita ne, saura minti biyar huɗu ta cika.

"Malam Sentot, ka sa hannun?"

Sentot ya dubi biron da ke hannunsa. Ya miƙa wa Wuri shi ba tare da ya kalle ta ba. Ya ɗaga kwanon kunun ya ɗora a kan takardar, ya gyara masa zama.

"Likita, ka ɗan zaga ka dawo," in ji shi. "Akwai dodanni goma sha uku da ban ciyar ba."

Ya sake cika cokalin.