Murɗin Bindigar Oom Gawie

Duk garin Alldays babu wanda ya gajiyar da ni kamar Oom Gawie Labuschagne (Oom, wato kawu, haka muke kiran dattawa a nan). Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya ɗauko bindigarsa ta ɓauna ya dire mini a kan teburin shagona na gyaran bindiga, wai in sake mata bututu.

Abin ya samo asali ne daga farautar bara. Ɓauna mai rauni ta taso wa baƙon da yake wa rakiya, Oom Gawie ya harba ya kuskure, mutumin da tun ina goye ake labarin hannunsa. Ba don wani maharbi da ke gefe ba, da sai dai a kwashi baƙon nan a buhu. Mai gandun dajin ya ce ba zai ƙara haɗa shi da baƙo ba sai ya ga harbinsa a kan takardar gwajin saiti da idonsa. Ga shi lokacin farauta ya ƙarato, shi kuwa tsohon nan ban da bin sawun ɓauna bai iya komai ba a duniya.

"Murɗin ne, Tienie," in ji shi, ko gaisuwa babu. "Murɗin da ka yi mini na malalata ne."

A cikin bututun bindiga akwai tsagi da ke murɗawa, shi ke juya harsashi kamar katantanwa don ya tafi da kai gaba. Tsohon bututunsa juyi ɗaya yake yi cikin inci goma sha huɗu, daidai da gajerun harsasan dalma na zamanin mahaifinsa. Na yanzu kuwa na jan ƙarfe ne, dogaye, suna son murɗi mai sauri. Nan kam yana da gaskiya, shi ya sa na mayar masa goma sha biyu. Ya dawo ya ce bai yi ba.

"To yanzu nawa Oom yake so?"

"Goma."

"Haba Oom, ɓauna za ka harba ko rijiya za ka haƙa?"

"Kai dai yi abin da aka sa ka. Ubanka ma bai yi mini musu ba, balle kai da na ga ranar da aka yaye ka."

Musu da Oom Gawie zuba ruwa ne a kwando. Matarsa Tannie Ralie ta kira ni a waya ta ce, "Tienie, yi masa ko na tara ne, ya daina hana ni barci da lissafin inci." Na yi masa na goma, na ɓata mako a kai, aikin mutane na jibge yana jirana.

Ranar gwaji muka fita bayan shago, inda nake da tudun ƙasa na tare harsashi. Rana ta take, ƙudaje sun dame mu. Na kafa takarda, ya zauna, ya ɗora bindiga a kan buhun yashi. Bindigar nan in ta tashi kamar jaki ya harbe ka a kafaɗa, amma tsohon ko gezau. Abin da na lura da shi daban ne: kafin ya ja kunama, bakin bututun yana rawa a hannunsa, kaɗan-kaɗan, ba ya tsayawa. Na kau da kai, raina ya ɓaci.

Da ya gama muka taka zuwa wurin takardar. Wallahi addu'a nake yi in ga rami ko ɗaya a karkace. Harsashin da murɗi bai ishe shi ba a kwance yake shiga, ya bar dogon rami kamar kafar makulli, kowane maharbi ya san wannan. Da na ga haka, da na rantse laifin bututuna ne, in koma in sake wani, ko da zan shekara ina yi.

Ramukan duk zagayayyu ne, tsaf, kamar an huda da ƙusa. Ɗaya can sama, ɗaya a gefen hagu, ɗaya ya kusa barin takardar.

Oom Gawie ya daɗe yana kallo. Ya sa ɗan yatsa a ɗaya, ya sa a na biyu. Yatsan bai shiga da sauƙi ba, sai da ya yi ta laluben ramin.

"Ko iska ce, Oom," na ce.

Ya dubi bishiyar kuka da ke gefe. Ko ganye ɗaya ba ya motsi.

"Murɗin ya yi, Tienie," ya ce a hankali. "Ka iya aiki."

Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Muka koma inuwa, ya zare harsasan da suka rage a ɗamararsa, ya jera mini su a kan benci. Ya ciro wayarsa zai kira mai gandun ya gaya masa ya ajiye farauta, ya yi ta danna lamba tana kuɓuce masa. Can sai ya miƙo mini.

"Danna mini. Maganar ni zan yi da bakina."