Jinin Zoɓo

"A'a, Adila, ba haka ba! Dubi yadda take yi. Ba ta ihu, leɓe take cijewa. Kalli yatsunta yadda suka dunƙule."

Misbahu ne ke wannan magana, yana tsugune a tsakar gidan yayansa Haladu, ya dafa kafaɗar wata 'yar gayun yarinya da ya zo da ita daga Kano. Wadda ake nuna mata kuwa Umaima ce, 'yar Haladu, tana kwance kan tabarma a gindin dalbejiya, ciwon sikilarta ya motsa tun farkon mako.

A haka Baba Sunusi ya same su. Tsohon masunci ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Haladu, ya yi sallama ya shigo da 'yan tarwaɗa a ƙwarya don a yi wa marar lafiya romo. Ya tsaya, ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Kai Misbahu, me nake gani haka?"

"Aiki ne, Baba. Fim muke yi a kan yara masu irin wannan lalura. Wayar da kai ne. Adila ce za ta fito a marar lafiya, shi ne na ce ta zo ta ga na gaskiya."

"Wayar da kan wa? Da naka aka fara wayarwa da an taimaki jama'a."

Misbahu ya yi 'yar dariya irin ta wanda ya sha birni. Umaima ta ɗago kai da ƙyar, ta ce, "Baffa, in na yi daidai ni ma za a sa ni a ciki?"

"Za a sa ki mana, 'yar Baffa. Ke dai ci gaba da yadda kike yi."

Baba Sunusi ya ajiye ƙwaryar ya durƙusa kusa da ita. Tafin hannunta ya yi fari fat, numfashi sama-sama kamar kifin da aka jefo gaɓa. Daga bayan labulen ɗaki Binta, uwar yarinyar, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Baba, ka yi wa maigidan magana. Ta gidan nan ba ta ko shan ruwa."

Ta gidan nan. Haka suke kiranta. Su Haladu asalinsu masu shanu ne, kakansu ya sayar da garke ya zauna a Haɗeja, amma kunyar nan ta gado ba a haɗa da ita an kai kasuwa ba. Umaima 'yar fari ce, don haka daga uwa har uba babu mai kama sunanta, babu mai nuna ya damu da ita a gaban mutane. Baba Sunusi bai taɓa ganin laifin wannan ba, kowa da irin gidansu. Amma ran nan sai da ya ɗaga murya kafin Haladu ya fita neman mai a-daidaita-sahu.

Su Misbahu kuwa suka shiga kwashe tarkacensu, wai yau a bakin kogi za su yi ɗauka. Tsohon ya tare shi a zaure.

"Kada ka yi nisa. Ka san duk danginku jininka ne kaɗai ya dace da nata."

Misbahu ya shafa gwiwar hannunsa ya yamutsa fuska. Bara da aka ɗebi nasa sai da ya yi mako yana ba da labari, har da cewa ya ga duhu. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Ga waya, Baba. Da an kira ni, na zo."

A asibiti likita ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce jinin yarinyar ya yi ƙasa ƙwarai, a samo mai bayarwa kafin yamma, don irin nata mai wuyar samu ne, wanda suke da shi a ajiye kuma ya ƙare. Baba Sunusi ya miƙa nasa hannun, ta dubi furfurarsa ta girgiza kai. Haladu ya zaro waya ya koma gefe, tsohon ya bi shi ya tsaya a kansa.

"Misbahu, ya aikin? Ya kuka samu ruwan? To madalla."

Muryar Misbahu na fitowa tar daga wayar. "Lafiya lau, Yaya. Ya jikin Umaima?"

"Da sauƙi. Dama cewa na yi, in kun gama ka biyo ta nan."

"To Yaya, muna gamawa."

Kafin Baba Sunusi ya fizge wayar an kashe. Aka sake kira, a rufe. Haka 'yan fim suke yi, da za a fara ɗauka kowa ya kashe tasa, kada ta yi ƙara ta ɓata musu kuka.

"Da sauƙi?" in ji tsohon. "Haladu, da sauƙi ka ce? Ana ga yaƙi kana ga ƙura?"

Haladu ya sunkuyar da kai. "Baba, ta yaya zan tayar da yaro daga kan sana'arsa saboda 'yar cikina? Ai ya san abin da nake nufi."

"Wanda ya san abin da kake nufi ba ya tsugunawa yana koyon nishin 'yarka. Kunyar marar kunya asara ce."

Ya fita ya hau ɗan acaɓa zuwa bakin kogi. A can masu wanki suka ce ai 'yan fim sun haye wani tudu da ambaliya ta zagaye, can bayan gonakin shinkafa. Ya ari kwalekwalen wani tsohon yaronsa ya kama tuƙi. Rabonsa da filafili tun kafin ƙugunsa ya fara ciwo, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwan da ya sani, sai ya kutsa nan ya ja da baya ya kutsa can. Rana ta karkata yana ta fama, yana kallonta tana sauka, yana tsaki.

Tun kafin ya iso ya fara jin kururuwa. Kai jama'a, abin da ya tarar! An kafa rumfa da farin ƙyalle, an ɗora gadon ƙarfe biyu a kan ciyawa. Adila na kan ɗaya, tana cije leɓe, ta dunƙule yatsu. Ta iya kuwa, ba laifi. Misbahu na kan ɗayan, an manna masa siririyar roba a hannu da filasta, robar ta haura zuwa wata leda da aka rataye a jikin gora, cike da zoɓo. Wani gardi mai farar riga ya rataya abin awon ƙirji, wai shi ne likitan da ya ƙi ci gaba da ɗibar jinin uba saboda uban ma ba shi da lafiya. Matan ƙauye da suka zo kallo suna ta share hawaye da bakin zane.

"Likita!" in ji Misbahu, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ka tatse ni tas! Kada ka bar mini ko ɗigo, in dai 'yata za ta rayu!"

Baba Sunusi ya ratsa ta gaban kyamara da jiƙaƙƙen wandonsa, ya tsaya a kan gadon.

"Kai, kai, kai! Wane ne wannan tsohon?" in ji mai ɗauka.

"Tashi," in ji Baba Sunusi. "Ana nemanka inda ake tatsar ta gaskiya."

Misbahu ya tashi zaune. Warin man zafin da ya shafa a ƙasan ido ya bugi hancin tsohon.

"Haba Baba, ka ɓata mana! Tun safe wannan hasken muke jira, in rana ta faɗi shi ke nan, gobe kuma Adila za ta koma makaranta. Yaya da bakinsa ya ce da sauƙi."

"Yaushe ka taɓa jin Haladu ya ce babu sauƙi? Ranar da gyatumarku take gargara, me ya ce maka a waya?"

Misbahu ya sani sarai. Ya dubi rana, ya dubi mai kyamara, ya dubi matan da ke kallonsa.

"Ɗauka ɗaya, Baba. Wallahi ɗaya tak, sai mu tafi tare."

Nan ne tsohon ya yi nasa kuskuren, don ya ga Misbahu ƙato ne ba zai iya jansa ba, sai ya koma gefe yana huci. Aka ɗauka, aka ce wani jirgi ya gifta ta baya. Aka sake, aka ce likita ya manta maganarsa. Aka ce a ƙara wa Misbahu man zafi, hawayen sun bushe. Da aka ce a sake ta huɗu, Baba Sunusi ya ɗaga filafili ya kai wa ledar duka. Zoɓo ya yi tsiri, ya wanke farar rigar likita da fuskar Adila.

"Ga jininku nan, ku kwashe! Kai kuma ko ka shiga jirgin nan, ko in gaya wa matan nan abin da ka baro a gida."

Ya shiga.

A hanya Misbahu bai karɓi tuƙi ba, wai bai iya ba. Ya zauna a tsakiya yana goge fuska, yana cewa in Allah ya yarda ba komai, yaran nan haka suke yi su tashi. Can kuma ya ce yana tunanin ma a rubuta sunan Umaima a farkon fim ɗin, za ta ji daɗi. Baba Sunusi ya ci gaba da tuƙi. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma numfashin da zai ɓata a kansa ya fi amfani a filafili.

La'asar ta yi sakaliya suka shiga asibitin. Daga nesa tsohon ya hango Binta zaune a ƙasa a bakin ɗaki, ta ja mayafi ta rufe fuska, ba motsi, ba sauti. Misbahu kuwa ya zabura da gudu, yana naɗe hannun riga, yana ɗaga murya yadda duk baranda za ta ji.

"Ga ni! Ga ni na zo! A ɗiba!"

Wata ma'aikaciyar jinya ta fito. Ta dubi hannun da ya miƙa mata, ta ga filasta da jan tabo a jikin auduga.

"An riga an ɗiba ne a wani wuri?"

Ta dubi Baba Sunusi, ta sassauta murya. "Baba, ku ne masu yarinyar? Sai haƙuri. Bayan kiran la'asar kaɗan Allah ya karɓi abarsa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji tsohon.

Misbahu ya zube a kan benci ya fasa kuka, yana dukan cinya, yana kiran sunanta. Masu jinya suka leƙo daga ɗakuna. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, uban ne ko?" Ko na gaskiya ne kukan, ko saura ne daga na bakin kogi, Baba Sunusi bai tsaya tantancewa ba. Ya juya masa baya.

Ƙofar ɗakin ta buɗe. Ma'aikata sun kawo gadon turawa, Haladu ya ce a bar shi. Ya naɗe ta da zanen uwarta, ya saɓa ta a kafaɗa, tafin hannunsa ɗaya a bayan kanta kamar mai gudun kada ta farka. Bai dubi ƙaninsa ba, bai dubi kowa ba. Ya ratsa barandar a hankali, mutane na matsawa suna ba shi hanya, Binta ta miƙe ta bi bayansa.

Baba Sunusi ya bi su daga baya, wandonsa na ɗigar da ruwan kogi a kan siminti. Zanen bai kai ya rufe ƙafafunta ba. Suna lilo a bayan uban, ƙanana, duk taku ɗaya su taɓa rigarsa.