Warin Takalmi

Duk makarantar an san Malamar aji uku da tsince-tsince. In tana tafe a hanya idonta na ƙasa, kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Mabuɗi mai tsatsa, matajin da haƙoransa suka zube, agogon da ya daina tafiya, duk sai ta duƙa ta ɗauka, ta wanke, ta jefa cikin tsohon kwalin sabulun da take ajiyewa a ƙarƙashin teburinta. Sauran malamai Shugabar Bola suke ce mata, a gabanta ma, ita kuwa ko a jikinta.

Ba hauka ba ne ya sa ta. Gajiya ta yi da ba yara aikin "rubuta labarin kanka", su kawo mata abu iri ɗaya: sunana wane, ina son malamata. Sai ta ɓullo da dabara. Yaro ya runtse ido ya zura hannu cikin kwalin, abin da ya ciro shi zai rubuta labarinsa: na wa ne, yaya aka yi ya ɓata, wa ke nemansa. Ajin da a da sai an zare musu ido suke ɗaukar fensir, sai ga shi ana rububin zura hannu.

A bencin baya akwai wata yarinya da 'yan ajin ke kira 'Yar Shiru. Tun da iyayenta suka rabu, uwar ta tafi da ƙanwar yarinyar, ita kuma aka bar ta wajen uba, ba ta ƙara rubuta komai daga kanta ba, sai abin da aka kwafa a allo. Ita ce ta ciro warin takalmin jariri, ja, na roba, ƙafar hagu. Ta daɗe tana jujjuya shi, sannan ta rubuta layi ɗaya. Wani mako ta ce a ba ta shi kuma. Ta girke shi a kan benci tana kallo tana rubutu. A labarin, takalmin ya fita neman ɗan'uwansa, ya faɗa kwata, kare ya ɗauke shi, ya kwana a ƙarƙashin mota.

"Wai yaushe zai same shi ne?" Malama ta tambaye ta gab da hutu.

"Ya kusa, Malama. Ya hango shi a tsallake. Jira yake motoci su wuce."

Malama ta juya ta yi kamar tana goge allo, don kada yara su ga idonta.

A makon ne wasu baƙi daga wata ƙungiya suka zo zagaya azuzuwa. Suka ga kwalin, suka yi ta ɗaukar hoto suna jinjina kai. Hedimasta, wanda kullum cewa yake wannan tarkacen ne ke jawo musu ɓeraye, ya dafa kwalin yana washe baki, ya ce ai tsarinsu ne, sun jima suna gwada shi.

Da aka dawo hutu, Malama ta leƙa ƙarƙashin teburinta ta tarar an share shi tas. Ta nufi ofis ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Ranka ya daɗe, ina kwalina?"

"Kwalin me? Ke dai zo ki ga arziki." Ya buɗe kabad ya fito da wani akwatin roba mai walƙiya, cike da katuna masu hoto. "Mutanen nan ne suka aiko, saboda ke. Ki gode Allah, an raba ki da bin bola. Wancan na sa Baba mai shara ya ƙona ɗazu."

"Yara ba su gama da shi ba."

"Su gama da wannan mana. Amma ki riƙa ɗaga musu daga nesa, kada su shafa masa datti. Kafin a tashi ki dawo min da shi."

Ta ɗauki akwatin ta fita. Ta zagaya bayan aji inda ake ƙona shara, ta sa tsinke ta tona tokar, da sauran zafinta. Mabuɗin ta samu, da wani jan dunƙulen roba da ya narke ya manne da ƙasa.

A aji ta riƙa ɗaga katunan ɗaya bayan ɗaya. Ga kofi, ga kujera, ga agogo mai kyau, kowanne an rubuta sunansa a ƙasa don kada yaro ya wahala da tunani. Sai ga na takalmi: sababbi fil, ƙafa biyu a jere, an rubuta "Wannan takalmi ne."

Ta ƙarasa bencin baya ta durƙusa kusa da 'Yar Shiru.

"Ga takalmi, 'yata. Ci gaba da labarinki."

Yarinyar ta kalli katin. "Waɗannan ai ba wanda ya ɓata, Malama."

"To rabu da su. Rufe ido ki tuna naki. Yau ya tsallaka titin, ko?"

"Bai tsallaka ba." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Da sassafe na zo. Na ga lokacin da Baba mai shara yake zuba musu kananzir."

Ta buɗe sabon shafi, ta gyara zama, ta kwafi abin da ke jikin katin da kyakkyawan rubutu, ba kuskure ko ɗaya: Wannan takalmi ne. Ta ɗiga aya, ta ajiye fensir.