Gwauron Barade da Kwandon Cefane

A shekarar da aka yanke Taraba daga tsohuwar Gongola, aka ce duk ma'aikacin da asalinsa na wannan ɓangare ne ya tattara ya koma Jalingo. Malam Jibrilla yana cikinsu. Akawu ne a ma'aikatar gona, kuma ko da yake a Yola ya yi wayo, ya yi karatu, ya yi aure, takardunsa sun ce kakansa mutumin Muri ne. Ya zo da katifa da risho da akwatin ƙarfe, ya bar matarsa Bushra da 'yarsu Hamna a can, a kan cewa da ya sami gida zai je ya ɗauko su.

Gida bai samu ba. Garin ya cika ya batse da baƙi, har shaguna an mai da su ɗakunan kwana. Da ƙyar ya sami ɗaki guda a Barade, a gidan wata dattijuwa 'yar Mumuye mai suna Alisabatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna a jere da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Yana cikin neman wuri mai ɗan faɗi sai mahaifiyar Bushra ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta da 'ya mace a kusa sai Bushra, don babbar, Adda, tana aure a Garwa ta Kamaru. Maganar tahowa ta tsaya a nan. Ba wanda ya soke ta, ba kuma wanda ya ƙara tayar da ita.

Da fari duk ƙarshen wata yakan hau mota ya bi ta Zing ya je ya gan su. Da wahalar fetur ta shigo, tasha ta koma wurin zaman jira, sai ya zama wata biyu, wani lokaci uku, kafin ya leƙa. Hamna da ya bari tana rarrafe ta fara magana ba ya nan. Ran da ya je ya miƙa mata hannu ta ɓuya a bayan zanen uwarta, a hanyar dawowa bai iya cin ko gyaɗa ba.

Rayuwarsa a Barade rayuwar gwauro ce. Da safe ƙosai da kunu, da rana shinkafa da miya daga wurin mai abinci a bakin sakatariya, da yamma burodi ko tsire. Duk a leda ake ƙulla masa. Lokacin ne leda ta yawaita a gari, ko gishirin ƙwandala ka saya sai an saka maka a cikinta, an kuma saka waccan a cikin wata. In ya gama ci sai ya dunƙule ya wurga bayan ɗaki, jikin katanga, inda sauran 'yan haya suke zubar da nasu. Iska ta kwashe wasu ta rataya a reshen mangwaro, ruwan sama ya ja wasu ya cusa a kwata.

Abin da ya fi damunsa shi ne shirun ɗakin. In ya zauna cin abinci a kan tabarma, leda a buɗe a gabansa, sai gidansu na Yola ya faɗo masa a rai. A gidan Bushra kusan ba a san bola ba. Ɓawon doya na awaki ne, ruwan wankin shinkafa na gindin zogale ne, toka ta wanke tukwane ce. Gwangwanin madara shi ne ma'aunin gishiri, tsohon zane ya zama tsumma, tsumma in ya gaji ya zama gammo. Yakan tsokane ta ya ce, “Ke dai ko ƙayar kifi sai kin nema mata aiki.” Ita kuma ta ce, “Allah bai yi abin banza ba, Malam.” A da dariya abin yake ba shi. Yanzu da ya tuna sai ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Wata Asabar da hantsi, yana wanki a bakin rijiya, Alisabatu ta zo ta tsaya a kansa. Tana da wata jar akuya da take ji da ita, wadda ta rena tun akuyar tana 'yar ƙarama.

“Malam, akuya na ya ƙi ci,” in ji ta, da irin Hausarta. “Ciki ya kumbura, jiki yana ramewa. Na ba shi kanwa, na ba shi magani, ba ya ji. Kafin ya mutu a banza, kai za ka yanka, don kowa a gida ya samu ya ci.”

Haka take yi kullum. Ita Kirista ce, amma ko kaza za a yanka a gidan sai ta kira Musulmi, don kada ta dafa abin da wani ɗan haya zai ƙi karɓa. Jibrilla ya ɗauraye hannu, ya wasa wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka. Shi ya feɗe ta a ƙarƙashin mangwaro, Alisabatu tana riƙe masa ƙafa. Da ya zo kan tumbi sai ya ji shi da tauri kamar an cusa dutse. Ya tsaga. Maimakon ciyawa sai ga wani dunƙule baƙi ƙirin, ya kai girman kan jariri, leda ce kan leda ta murɗe ta haɗe da juna. Ya ja da wuƙa, har da wadda ake iya karanta sunan gidan burodi a jikinta.

Alisabatu ba ta yi faɗa ba. Ta dubi abin, ta dubi jikin katanga, ta zauna a kan turmi.

“Gishiri da mai da ke jiki shi yake lasa,” ta ce a hankali. “Yana tsammani abinci ne. Ya yi ta ci, ya ƙoshi, yunwa yana kashe shi.”

Da yamma ta aiko masa da kasonsa na nama a kwano. Ya ci don kada ta ji ba daɗi. Washegari, tana coci, ya ɗauki shebur ya kwashe duk abin da ke bayan ɗakunan, ya kai juji a bayan unguwa. Da ta dawo ya same ta ya ce, “Mama, ina ake sayen kwando irin naki?”

Ta yi dariya, karo na farko tun da aka yanka akuyar. “Namiji da kwando? Za su yi maka dariya a kasuwa.” Amma ta shiga ɗaki ta fito da wani sabo, saƙar mutanen garinsu, mai hannu biyu, ta ce ƙanwarta ce ta kawo mata daga ƙauye, ba na sayarwa ba ne.

Dariyar kuwa an yi ta. Ranar farko da ya shiga kasuwa da kwando, da kwalba biyu a ciki, da samira mai murfi, mai man ja ta miƙa hannu za ta ciro leda, ya ce mata ta zuba a kwalba. Ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga ikon Allah. A ofis wani abokin aikinsa ya ce, “Mun san mijin-ta-ce, amma ba mu taɓa ganin wanda ta ce ɗin ma ba ta gari ba.” Jibrilla ya yi murmushi ya ƙyale su.

Abin da ba su sani ba shi ne, tun da ya fara cefane da kansa ya ji kamar an matso masa da Yola kusa. In ya tsaya gaban mai tumatir sai ya ji muryar Bushra tana cewa kada ya ɗauki wanda ya yi laushi sai in yau za a dafa. In ya miƙa samira wa Bafulatana mai nono, ta zuba masa da ludayi, ta ƙara gyara, sai ya tuna yadda Bushra take hira da su da Fillanci har ta manta ta bar tukunya a wuta. Ya koyi sayen abin da zai ci ya ƙare, doyar Zing guda ɗaya, wake rabin mudu, kifi busasshe a naɗe a takarda. Ya koyi dafa miyar da ba za ta kwana ta lalace ba. Tuwonsa na farko ya yi gudaji, Alisabatu ta ɗanɗana ta ce ko karen maƙwabta sai an roƙe shi kafin ya ci, sannan ta zauna ta nuna masa yadda ake talge.

A inda bolar take ya haƙa rami. Ɓawon da awakin maƙwabta suka rage, da toka, da ganyen mangwaro da ake sharewa, duk a ciki yake zubawa. Da damina ta faɗi ya kwashe baƙar ƙasar ya baza jikin katanga, ya shuka yakuwa da kuɓewa da alayyafo. Wasu 'yan hayar suka fara kawo nasu ɓawon ramin, musamman da suka ga ana tsinkar ganye ba a hana kowa. Wasu kuma ba su fasa wurgi da leda ba, shi dai in ya gani ya tsince. Yakan tsuguna a wurin bayan la'asar yana cire ciyawa, yana lissafin abin da zai gaya wa Bushra in ya je, ya kuma je ɗin ya tarar da ita tana juya mahaifiyarta, tana wanke ta, tana ba ta kunu a cokali, har ya dawo bai faɗi ko rabi ba.

Sai a shekara ta huɗu Adda ta zo daga Garwa ta karɓi jinya na ɗan lokaci, Bushra ta samu ta taho Jalingo da Hamna. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma da ta shiga ɗakin ta tsaya tana kallo. Kwalaben mai a jere a kan katako, gwangwanaye da murafensu, kwando a rataye a ƙusa. Ta buɗe wani gwangwani ta sunsuna, daddawa ce. Ta leƙa ta taga ta ga kuɓewa ta yi fure.

“Malam, wa yake yi maka wannan?” ta tambaya, ba ta juyo ba.

“Ke ce,” in ji shi.

Ta daɗe a bakin tagar. Da ta juyo tana share ido da bakin mayafi, sai ta ce murfin gwangwanin gishirin bai rufu da kyau ba, zai sha iska.

Kwanakin nan sun wuce kamar ruwa a kwando. Suka je kasuwa tare, abin da ba su taɓa yi ba a Yola, shi riƙe da kwando, ita tana ciniki, Hamna a tsakiya tana riƙe da yatsansa. Mai man ja ta ce, “Ashe da gaske akwai ki! Mun ɗauka labari ne.” Bushra da Alisabatu suka shaƙu nan da nan, suka zauna a gindin mangwaro suna ɓarar gyaɗa, kowace da irin Hausarta, suna dariyar tuwonsa. Hamna ta fara kiransa Baba ba tare da an ce ta kira ba.

Ran komawa ya raka su tasha. Motar ta daɗe ba ta cika ba, suka zauna a benci a inuwar rumfa. Yana so ya ce mata ta dawo da wuri, ta zo ke nan, sai ya tuna abin da zai faru kafin ta iya zuwa ke nan, ya haɗiye maganar. Ita ma ta sani. Ta gyara wa Hamna ɗankwali ta ce, “Ka riƙa yi wa Inna addu'a.”

“Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara mata kwana,” ya ce, kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Allah ya karɓa. Tsohuwa ta ƙara shekara uku a duniya, Jibrilla ya yi su a ɗakin nan na Barade, yana zuwa Yola in hanya ta yi kyau. Bayan an yi sadakar arba'in ɗinta, ya sami gida mai ɗaki biyu a Yelwa, ya je ya ɗauko iyalinsa. Hamna lokacin ta shiga firamare, tsayinta ya kai ƙirjinsa, kuma a cikin mota ita ta riƙa karanta masa sunayen garuruwan da suke wucewa.