Farin Layi a Gidan Kyaftin

"Riƙe sifanar da kyau, Maƙeri. Hannunka sai rawa yake kamar na ɓarawon akuya."

Maƙeri ya gyara riƙo. Ya danne sifana, Kyaftin ya ja noti na ƙarshe har ya yi ƙara. Su biyu ne a tsakar gida gaban jirgin saman da Kyaftin ya shekara bakwai yana haɗawa da injin tsohuwar mota da bututun ƙarfe. Ba kyaftin ɗin komai ba ne. Makaniken bas ne da ya ajiye aiki. 'Yan unguwa suka laƙaba masa sunan don ba'a, shi kuwa ya karɓe ya riƙe.

Abin da suke ɗaurawa aikin hannun Maƙeri ne. Farfelar jirgin ta matse wa inji, iska ba ta shiga lagireto, kafin minti biyar ruwa ya tafasa. Kyaftin ya zana abin da yake so a bayan kwali: guntun ƙarfe mai siffar turmi, tsawon taƙi ɗaya, ramuka shida a kowane baki. Baki ɗaya ya kama inji, ɗayan ya kama farfela ya turo ta gaba. Sau uku Maƙeri yana ƙi. Amma shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu. A na huɗu ya yi.

Tun ranar abinci bai ƙara yi masa daɗi ba. Ya san halin ƙarfe: sai ya yi ƙyalli a waje alhali ya tsage a ciki. In ya karye farfela na gudu, Kyaftin ya tafi, kuma kowa a layin ya san hannun da ya ƙera.

"Bari in sake bin notocin," in ji shi.

"Sau huɗu ke nan. So kake ka aure su?"

"Ran mutum ne, Yaya."

"Raina ne. Naka yana aljihunka."

Duk da haka ya bar shi. Maƙeri ya bi su ɗai-ɗai, ya zura waya ta kawunansu ya murɗe don kada girgiza ta kwance su. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma ya kasa kunne. Sautin ya fito tas. Zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Matar Kyaftin ta fito da tsintsiya. Ta share tsakar gidan har ta iso wani farin layi na fenti da ya ratsa siminti gaban hancin jirgin, ta tsaya. Nan tsintsiyarta ke tsayawa kullum. Ita ta sa aka ja layin, shekarar da farfela ta sare mata zakara. Ran nan ta ce ko layi, ko ta koma gidan ɗanta. Kyaftin ya auna taƙi biyu daga farfela ya shafa fenti. Tun daga nan ko shi bai taɓa ƙetare shi ba inji na aiki. Ƙafafunsa sun san wurin ko ido a rufe.

"Malam, yau ma za a hana kajina sakewa?"

"Yau kam, Hajjaju, sai kin ji murya. Shirya kayanki, ke ce fasinja ta farko."

"Allah ya kiyaye. Ka ɗauki Maƙeri, shi ya ga zai iya." Ta juya wajensa. "Ka dai lura mini da shi. Kada ya wuce layi."

"Ba zai wuce ba," in ji Maƙeri.

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Sun ɗaure wutsiyar jirgin a jikin bishiya da igiya, sun tokare tayoyi da bulo. Kyaftin ya nuna kujera.

"Hau. Ni zan tsaya gaba in ga ko tana lilo. In na ɗaga hannu, ƙara wuta. In na sauke, kashe."

"Ni in tsaya gaban, kai ka hau."

"Me ka sani a kukan inji? Hau, malam."

Ya hau. Ya gyara zama. Ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Inji ya yi tari sau biyu ya kama. Farfela ta ɓace, sai wata da'ira mai duhu-duhu a iska. Kwanon rufi ya ɗauki rawa. Idon Maƙeri na kan ƙarfensa, yana jiran ya ga ya tsage. Ƙarfen yana juyi sumul, ko gezau.

Kyaftin ya zo ya dasa yatsun ƙafarsa a kan layi, kamar kullum. Yana dariya. Ya ɗaga hannu.

Maƙeri ya ƙara wuta. Igiya ta miƙe, jirgin ya ɗan zabura, bulo ɗaya ya gusa. Rana na tsaka, inuwar kowane abu tana ƙarƙashinsa. Ya leƙa ƙasa ta gefen kujera, sai ya ga inuwar farfela, siririya, kwance a kan farin fentin.

Sun turo farfela gaba. Ba wanda ya turo layi.

"Yaya! Ja baya! Layin!"

Ko shi Maƙeri bai ji muryar kansa ba. Ya kai hannu ga makulli. Kyaftin kunnensa ɗaya ne mai ji, kuma ya saba in zai saurari inji sai ya karkato da shi. Ya karkato.

Ba a daɗe ba. Kafin farfela ta gama tsayawa an gama.

Matar ta fito saboda ta ji inji ya mutu ba yadda ya saba mutuwa ba. Maƙeri ya tare ta da jikinsa, yana salati, yana ce mata, "Koma ciki. Don Allah koma ciki." Ba ta koma ba.

Bayan kwana uku, da masu ta'aziyya suka ragu, Maƙeri ya shigo don ya kwance farfelar. Notocin nan suna nan daram, waya ko motsi ba ta yi ba. Sai da ya yi gumi kafin na farko ya saki.

Matar Kyaftin tana zaune a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ƙarfenka ne ya karye?"

"Bai karye ba."

"To ya wuce layi ne?"

Maƙeri ya dubi sifanar hannunsa.

"Bai wuce ba."

Ba ta sake tambaya ba. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya. Ta faro daga bakin ƙofa, a sunkuye, tana tura ganyen bishiya a hankali. Da ta iso farin layin, tsintsiyar ta tsaya.