Kada Su Rufe Ni

Ɗakin mata ne, gadaje jere biyu, kowane gado da koren labulensa. Matata tana kan na kusa da taga. Likita ya riga ya gaya mini a baranda cewa ciwon ya cinye hantarta, sai dai a rage mata zafi. Na ce na ji. Ban tambaye shi komai ba.

Ita ce ta gano yadda ake yi a ɗakin. In za a sauya wa mace zane, rabin labule ake ja. In aka ja shi duka, aka ce 'yan uwa su fita, to ta ƙare. Daga nan sai ƙarar tayar gado, sai warin maganin da ake goge katifa da shi.

"Malam," ta ce mini, "ka ga gadon can? Da safe muka yi hira da mai shi. Ba wanda ya ga tafiyarta. Kamar an kwashe shara."

"Sha maganinki."

"Kai dai kullum umarni. Ni ba yaron motarka ba ce. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka bari su rufe ni."

"Ba za su rufe ki ba."

"Alkawari?"

"Na taɓa faɗa na fasa?"

"Ƙofar kicin fa? Tun ina da haƙora kake gyara ta."

Matar gadon gefe ta kwashe da dariya har da tari. Ƙafa aka yanke mata saboda ciwon suga, amma bakinta lafiya lau. Matata ta sa mata suna Rediyo. A gadon da ke fuskantarmu kuma akwai wata matashiya da aka yi wa aiki a ciki. Ita ba ta magana, sai ido.

Ranar, bayan an kwashe kwanukan rana, numfashin matata ya sauya. Yana ja, ya tsaya, ya dawo. Nas ta zo ta taɓa wuyanta, ta miƙa hannu ga labule.

"Baba, ɗan jira mu a waje."

Na riƙe labulen. Hannun da ya yi shekaru yana juya sitiyarin babbar mota bai mutu ba tukuna.

"Ba inda zan je. Kuma ba a ja."

"Baba, ba mugunta ba ce." Ta sassauta murya. "Dubi yarinyar can. Tun da aka fitar da waccan ba ta ci abinci ba. Kai za ka tafi gida. Su a nan za su ci gaba da kwanciya."

Gaskiya ta faɗa. Idon matata a buɗe yake, yana kan hannuna.

Ni ban iya roƙo ba. Ko mai motar da na yi wa aiki bai taɓa jin na roƙe shi ba. Na cire hula, na juya ga matan ɗakin.

"'Ya'yana, tsohuwar nan tana tsoron a rufe ta. Ku yi mini alfarma."

"Sista, bar shi," in ji Rediyo. "Wa ke cikinmu da bai san hanyar ba? Ni ai ƙafata ta riga ni."

Matashiyar ta ce, "A ja nawa. A bar na Mama."

Nas ta je ta ja na matashiyar. Ta dawo ta tsaya a ƙafar gado, ba ta ƙara cewa in fita ba.

Rediyo ta kama surutu. Surukarta marowaciya, tsadar sabulu, wani ɗinki da tela ya ɓata mata. Tana yi tana ce wa matata, "Ko ba haka ba, Yaya?" Mai goge ƙasa ta jingine sandarta. Rana tana kan bargo. Idon matata ya bi ɗakin gado gado, ya dawo kaina. Na kama hannunta a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na faɗa mata sunan Allah a kunne. Leɓenta ya motsa.

Numfashin ya ja, ya tsaya. Na jira ya dawo.

Rediyo ta yi shiru a tsakiyar magana.

Nas ta saurari ƙirjin matata, ta rufe robar ƙarin ruwa, ta shafa mata ido.

"Baba, yanzu fa?"

Matan duk suna kallona.

"Yanzu ja," na ce. "Ke ma ki fita."