Kunnen Evaristo

Shekara arba'in Evaristo mahauci yana taka rawar milonga a zauren ƙungiyar unguwarsu ta Mataderos, ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa ta saɓa wa kiɗa. Amma tun watan jiya kunnensa na hagu ya toshe gaba ɗaya, na daman ma yana jin sauti kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ko 'yarsa bai gaya wa ba.

Ran Lahadi da la'asar zaure ya cika. Evaristo ya zauna yana juya kofin kofi, waƙa uku suka wuce bai motsa ba. Cacho direban bas, wanda suka daɗe suna gasar iya taku, ya sunkuyo ta damansa.

"Tsoho, gadin kujera ka zo yi? Ko gwiwar ce ta yi ritaya?"

Evaristo ya ɗaga ido can ɓangaren mata, ya yi wa Nélida mai ɗinki alamar gayyatar rawa da kai. Ta gyaɗa kai. Ba damar fasawa kuma.

Da ya rungume ta, sai ya gane daga ƙafafun mutane cewa kiɗan mai sauri ne. Kusa da lasifika ya ɗan tsinci bugun, ya ja ta da ƙirji kamar yadda ya saba. Suna kaiwa ƙarshen zauren sautin ya ɗauke ɗif. Ya taka kafin lokaci. Ya yi ƙoƙarin gyarawa, sai ya makara. Ga Cacho da tasa abokiyar rawar a bayansu, yana ganin komai.

Nélida ta buga tsinin takalminta sau biyu, ta zana ɗan da'ira a ƙasa, ta cike gurbin da ado kamar da gangan aka tsaya mata. Ta raɗa masa wani abu a kunnen hagu. Ɗumin numfashinta kawai ya ji. Ta sake raɗawa. Bai amsa ba, ya ji jikinta ya ɗan sandare.

Sai yatsanta ya fara bugun bayansa, ƙasan kafaɗa inda ido ba ya kaiwa. Ɗaya, biyu, ɗaya-biyu-uku.

Ransa ya ɓaci. Shi za a ƙirga wa kiɗa? Saura kaɗan ya sake ta a tsakiyar fili. Amma ƙafarsa ta riga shi yanke shawara, ta bi yatsan. Ya karya taku gida biyu, ya juya da ita a ɗan wurin da bai fi faranti ba, ita kuma tana sakar adonta tsakanin ƙafafunsa, yatsan bai tsaya ba ko sau ɗaya. Can ta matse kafaɗarsa, ya tsaya cak. Kowa ma ya tsaya, waƙar ta ƙare.

Ta zagayo ta damansa tana gyara gashi.

"Tun yaushe?"

"Wata guda."

"Kai dai akwai taurin kai. Ran Talata zan raka ka wurin likita, kada ka ce min kana kasuwa."

"Nélida, Cacho fa..."

"Cacho? Shi da kunnuwansa biyu garau, ƙafata yake takewa tun ina budurwa. Kama ni, an sa wata waƙar."